Mai Ciwon Zuciya a Yammacin Zamfara: Awo a Asibiti, Tattaki a Gida

Da zarar likita ya ce zuciyar mutum ta yi rauni, sai dangi su shimfiɗa masa tabarma, ko buta a hana shi ɗauka. Ƙauna ce, amma tana cutarwa. Tun a shekarun 1950 likitoci suka fara barin kwantar da mai ciwon zuciya makonni, domin doguwar kwanciya tana zubar da ƙarfin tsoka, ta ƙara haki, wani lokaci jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

A Turai majiyyaci kan je asibiti motsa jiki sau 2 ko 3 a mako. Wa zai iya haka daga ƙauye irin Tungar Daji? Manyan asibitocin suna Gusau da Sakkwato, ga tsadar mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Mafita ga mutanen Anka, Gummi da Bukkuyum ita ce a raba aikin biyu.

Asibiti ne zai fara. A auna jini, a duba bugun zuciya, a sa majiyyaci tafiyar minti 6 a ga iya nisan da zai kai, sannan a yanka masa gwargwadonsa. Sauran aikin na gida ne: tattakin minti 5 zuwa 10 bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ana ƙarawa sannu a hankali har ya kai minti 30. Ma'aunin ba ya buƙatar na'ura. In yana tafe yana iya amsa gaisuwa ba tare da numfashi ya sarƙe ba, daidai ne. Ciwon ƙirji, jiri ko sabon kumburin ƙafa kuwa, a tsaya, a nemi likita ranar.

Masu jego sun fi damuna. Wani bincike da aka wallafa daga Sakkwato a 2007 ya sami raunin zuciya na bayan haihuwa a kusan mace 1 cikin 102 da suka haihu. Irin wannan baiwar Allah, in likita ya yarje mata, zagayen tsakar gida ya ishe ta, a kuma rage mata gishiri da kanwa, kada a bar ta da daka ko jan ruwa.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara ta horar da ko da nas ɗaya a kowane babban asibitin ƙananan hukumomin nan uku, mai duba majiyyata duk wata, yana bin su da kiran waya.