Makaɗa Masu Zaman Kansu a Sikotilan: Me Sabuwar Shekara Ke Tafe da Shi?

Idan sabuwar shekarar Miladiyya ta kama a ƙasar Sikotilan, wadda ke can ƙuryar arewacin Birtaniya, a lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba, sanyi kuma ya kora kowa ɗaki, al'ada ce ga marubutan jaridu da masu shirye-shiryen rediyo su jera sunayen matasan makaɗa da mawaƙan da suke kyautata zaton za su yi fice kafin shekara ta ƙare. Sanin gaibu sai Allah, galibin waɗannan sunaye ma ba a cika waiwayarsu ba idan Disamba ta zagayo. Amma duk da haka mai hankali yana iya yin ƙiyasi, ya auna abin da ke tafe da abin da ya gabata, muddin ya san inda sabon kiɗa ke fitowa, da wanda ke ɗaukar nauyinsa, da kuma abin da ke neman shaƙe shi.

Kasuwar faifai ta duniya, mafi yawanta, tana hannun manyan kamfanoni uku ne, wato Universal da Sony da Warner, waɗanda ke ba mawaƙi kuɗi tun bai shiga ɗakin ɗaukar murya ba, su yi masa talla, su kai shi gidajen rediyo, sa'an nan su mallaki abin da aka ɗauka, su kuma cire duk abin da suka kashe kafin shi ya ga ko sisi. Shahararrun 'yan ƙasar irin su Calvin Harris da Lewis Capaldi a wannan inuwa suke, ba kuma su ne abin zancenmu ba. Waɗanda muke nufi su ne masu fitar da kiɗansu da kansu, ko kuwa ta hannun wani ɗan ƙaramin kamfani na mutum biyu ko uku, waɗanda suka yarda da ƙarancin samu domin kada wani ubangida ya gaya musu abin da za su rera.

Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan shida ba, abin mamaki ne yadda take da doguwar silsila a wannan fanni. A shekarar 1979 wani saurayi mai suna Alan Horne ya kafa kamfanin Postcard a ɗakin hayarsa cikin birnin Gilasgo, ba ofis ba ma'aikata, ya fitar da faya-fayen Orange Juice da Josef K da Aztec Camera. Kamfanin bai wuce shekara biyu da 'yan watanni ba ya durƙushe, amma ya bar wa na baya hujjar cewa ba dole ne sai an tafi Landan ba kafin a yi abin da duniya za ta saurara. A 1994 'yan ƙungiyar The Delgados suka kafa Chemikal Underground, wanda ya fito da Arab Strap, ya kuma fitar da babban faifan Mogwai na farko a 1997. Su Mogwai ɗin, waɗanda akasarin kiɗansu jita ce da ganga ba tare da waƙa ba, wani lokaci a hankali kamar raɗa, wani lokaci da ƙarar da ke girgiza bango, sun ci gaba da haƙuri har watan Fabrairu na 2021, lokacin da faifansu ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Birtaniya baki ɗaya, a ƙarƙashin kamfaninsu na kansu, bayan shekara 25 suna abu ɗaya.

Labarin da ya fi daɗi cikin wannan silsila shi ne na ƙungiyar Belle and Sebastian. A da, a kwalejin Stow ta Gilasgo, akwai wani darasi na koyon sana'ar kiɗa, inda ɗalibai kan zaɓi mawaƙi ɗaya a kowace shekara su fitar masa da ɗan ƙaramin faifai, domin su koyi aikin da hannunsu. A 1996 suka zaɓi Stuart Murdoch, jagoran ƙungiyar, wanda ya daɗe yana jinya a gida yana tara waƙoƙi, da aka ga yawansu da kyansu sai aka yarda a yi babban faifai ɗungum, aka ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, aka buga kwafi 1,000 kacal. Bayan 'yan shekaru kwafi ɗaya daga cikin waɗannan ya koma ana sayensa da ɗaruruwan fam. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ma'abota kiɗa a ƙasar ba sa raina faifan ɗalibi.

To, ina za a fara duba abin da shekara ke tafe da shi? A cikin sanyin Janairun nan da kansa. Tun 1994 ake yin bikin Celtic Connections a Gilasgo, fiye da mako biyu ana kiɗan gargajiya da danginsa, kuma a cikinsa akwai wani dandali da ake kira Danny Kyle Open Stage, inda sababbin hannu kan hau su gwada sa'arsu a gaban jama'a, waɗanda alƙalai suka zaɓa kuma a ba su gurbi a bikin baɗi. A ganina a nan ne jijiyar sabon kiɗan ƙasar ta fi bugawa a wannan zamani, domin kuwa matasan da suka gaji goge da algaita mai jaka daga kakanninsu sun daina ɗaukarsu kayan ajiya. Brìghde Chaimbeul, 'yar tsibirin Skye, tana busa ƙaramar algaitar nan mai taushin murya, tana jan sauti ɗaya har sai mai sauraro ya manta da agogo, kuma masu sauraron kiɗan zamani waɗanda ba su taɓa taka tsibirin ba sun karɓe ta hannu biyu. Peat & Diesel na tsibirin Lewis, a nasu ɓangaren, suna cakuɗa Ingilishi da harshen Gaelic, suna waƙar masunta da direbobi cikin raha, har sun cika zauren Barrowland, mai ɗaukar kusan mutum 1,900. Masu magana da Gaelic ba su kai dubu ɗari ba, amma taskar waƙarsu tana da zurfi. Daga ciki akwai waƙoƙin da matan tsibirai kan yi suna zaune gewaye da tebur suna bugun ɗanyen ƙyallen ulu domin ya yi kauri, ɗaya na bayarwa saura na amshi, tamkar dai yadda matanmu ke waƙa a bakin turmi, kuma irin wannan karin ne matasa ke ɗorawa a kan na'urorin zamani. Haka nan ɗaliban makarantar kiɗa ta Royal Conservatoire a Gilasgo sun tayar da wani salo na jaz mai ƙamshin gargajiya, wanda makaɗin fiyano Fergus McCreadie ke kan gaba a cikinsa.

Sai dai biki na 'yan kwanaki ne, alhali kuwa makaɗi yana bukatar wurin da zai yi kuskure a gaban mutum talatin, ya gyara, ya dawo mako mai zuwa. Wannan shi ne aikin ƙananan zaurukan kiɗa, kuma a kansu ne hukuncin shekarar zai rataya fiye da kan kowane suna. A Edinbara akwai Sneaky Pete's, ɗan ɗaki mai ɗaukar mutum 100, inda na sahun gaba zai iya miƙa hannu ya taɓa jitar makaɗi. A Gilasgo akwai King Tut's, wanda aka buɗe a 1990, mai ɗaukar mutum 300. Duk mai hawa benensa zai ga an rubuta sunayen waɗanda suka taɓa wasa a wurin a jikin matakala, shekara bayan shekara, yana taka su ɗaya bayan ɗaya har ya isa sama. A nan ne a watan Mayu na 1993 Alan McGee, mai kamfanin Creation, ya ga wasu samari 'yan Manchester da ba wanda ya sani, masu suna Oasis, ya yi musu tayin kwangila a daren. Wurin yakan ware dararen Janairu ga sababbin ƙungiyoyi, ko da yake, domin adalci, ya kamata a faɗa cewa shi kansa yana hannun wani babban kamfanin shirya wasanni ne, abin da ya ba shi kariyar da saura ba su da ita.

Sauran kam suna cikin ƙunci. Kuɗin tikitin sabon makaɗi ba ya biyan haya da wuta da ma'aikata, ribar tana fitowa ne daga abin shan da ake sayarwa, matasan yau kuma sun rage sha, aljihunsu ma ya yi sauƙi. Ƙungiyar Music Venue Trust ta ba da rahoton cewa a 2023 kaɗai wurare 125 a faɗin Birtaniya sun rufe ko sun daina kiɗa. Gilasgo, wadda hukumar UNESCO ta naɗa birnin kiɗa a 2008, ta rasa The Arches a 2015, gobara ta cinye ABC a 2018, aka kuma rufe 13th Note a 2023. Shawarar da ake ta kai komo a kanta ita ce a ɗora fam ɗaya a kan kowane tikitin manyan filayen wasa, a tara a tallafi ƙanana, bisa hujjar cewa wanda ya cika filin ƙwallo yau a ƙaramin ɗaki ya koyi tsayuwa. Lalle hujja ce mai ƙarfi, kuma yadda za ta kaya yana cikin manyan abubuwan lura a bana.

Mas'alar samun abin masarufi ma ba ta tsaya nan ba. Sauraro ta intanet ya sauƙaƙa isar da waƙa ko'ina, amma abin da ake biya a kan kowane sauraro bai kai kwabo ba, kuma tun 2024 kamfanin Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin shekara ba. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wadda kashi 62 cikin ɗari na masu zaɓen Sikotilan suka ƙi a 2016, ta sa ƙungiyar da a da kan loda kayanta a mota ta nufi Faransa da Jamus ba tare da wata takarda ba, yanzu sai ta biya kuɗin takardar kwastan mai lissafin kowace jita da kowace ganga. Ita kuwa hukumar Creative Scotland, mai raba tallafin gwamnati ga masu fasaha, a watan Agusta na 2024 ta sanar da rufe asusun da ɗaiɗaikun mutane ke nema, sai da aka yi ca sa'an nan aka sake buɗe shi. Akan kawo misalin Gerry Cinnamon, wanda ba tare da babban kamfani ba ya cika filin Hampden dare biyu a 2022, a ce ai ga shi ana iyawa. Amma malamai sun ce ba a gina hukunci a kan nadiri.

Dabarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce ta komawa ga masoya 'yan kaɗan masu amana. A tsibirin Eigg, inda mutane ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi tsibirin nasu daga hannun mai shi a 1997, wani mawaƙi mai suna Johnny Lynch yana tafiyar da kamfanin Lost Map tun 2013. Masu biyan kuɗin wata-wata sukan sami katin gaisuwa ta gidan waya, da zane a gabansa, a bayansa kuma 'yan lambobin da za a shigar a kwamfuta a sauke sababbin waƙoƙi. Wato abin da ba shi da jiki an yi masa jiki, ya ratsa teku cikin jirgin fito ya iso hannun mai shi. A Gilasgo kuma an kafa Last Night From Glasgow a 2016 ba don riba ba, mambobi su biya kuɗin shekara tun kafin su ji abin da za a fitar, kuɗin ya ɗauki nauyin buga faya-faye. Al'amarin ya fi kama da taimakekeniya fiye da ciniki, kuma faifan garmaho, wanda aka daɗe da yi wa jana'iza, shi ne ya dawo yana riƙe da su, tun da ribar guda ɗaya da aka sayar a bakin ƙofar zaure ta fi ta sauraro dubu.

Bazara lokacin manyan bukukuwa ne, irin su TRNSMT a Gilasgo da HebCelt a Stornoway, inda sababbi kan sami 'yan mintoci da rana tsaka kafin jama'a su taru. Hisabi sai da kaka, lokacin da ake ba da kyautar faifan shekara ta Sikotilan, wadda aka fara a 2012, mai ɗauke da fam 20,000. Ƙofarta a buɗe take ga kowane makaɗin ƙasar, amma akasarin waɗanda suka ci ta masu zaman kansu ne, kuma ba ta tsaya ga salo ɗaya ba: Mogwai sun ci a 2021, McCreadie da fiyanonsa a 2022. Waɗanda suka fi kowa cin ta su ne Young Fathers na Edinbara, a 2014 da 2018 da 2023, samari uku da suka haɗu suna 'yan shekara 14, ɗaya Graham Hastings, ɗaya Alloysious Massaquoi haifaffen Laberiya, na ukun kuma Kayus Bankole, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Sun kuma ci kyautar Mercury ta Birtaniya baki ɗaya a 2014, lokacin da masu hasashe ba su sa su a lissafi ba.

Kafin a sanar da wanda ya ci, akan fitar da jerin faya-faye 20 da aka tace, daga baya a rage su zuwa 10. Mai karatu da ke da waya a hannu, wanda kuma yake son ya ji da kunnensa abin da shekarar ta haifar, sai ya jira jerin nan na ashirin idan damina ta ja baya, ya fara sauraro daga waɗanda bai taɓa jin sunansu ba.