"Wai In Sayar Da Gwal Ɗina Ya Tafi Karatun MBA"

Ranar wata Asabar da hantsi ina zaune ina tsintar shinkafa, sai ga sallamar wata ƙanwata ta unguwa, goye da jaririnta, idanu sun yi luhu-luhu. Ko ruwan da na kawo mata ba ta kalla ba ta fara magana.

"Anti, ni dai na shiga uku. Maigidan ne ya ce zai tafi Ingila karatu, wai MBA. Ya ce in kawo sarƙata da awarwarona na lefe a sayar, a haɗa da kuɗin filinsa, shekara ɗaya kacal ya dawo mu huta. Na ce to ni da yara fa? Ya ce ai yanzu ba a zuwa da iyali."

Na ce mata, to a nan dai bai yi miki ƙarya ba. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana masu irin wannan karatu tafiya da mata da 'ya'ya, sai masu digirin bincike irin na dakta, ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Amma da na tambaye ta wace makaranta ce, me kuma zai yi da takardar in ya dawo, sai ta yi shiru. Shi ma, kamar yadda na gano daga baya, amsarsa ba ta wuce "abokina ya yi, ga shi nan yana hawa babbar mota" ba.

Masu karatu, wannan ne ya sa na ce bari mu tattauna maganar a wannan fitowa, don na san ba gidanta kaɗai ake wannan rigima ba.

Shi MBA digiri ne na biyu a kan tafiyar da kasuwanci da shugabancin ma'aikata. Jami'ar Harvard ta Amurka ce ta fara shi a 1908. Ba sai wanda ya karanta kasuwanci ba: injiniya na yi, likita na yi, lauya na yi. Ana koyar da lissafin kuɗi, da tallata haja, da sarrafa ma'aikata, da tsara dabarun kamfani. A Harvard da masu bin sahunta ba a cika tsayawa dogon lacca ba. Labarin wani kamfani na gaske za a ba ku, ga matsalar da ya shiga, a ce kai da kai ne shugaba ya za ka yi? A yi ta musu a aji. Shi ya sa manyan makarantu ba sa son ɗanyen ɗalibi da ya fito jami'a jiya. Suna son wanda ya yi aiki shekara biyu zuwa uku aƙalla, kuma yawancin waɗanda suke ɗauka sun kai wajen shekara biyar. Wanda bai taɓa biyan albashi ba, bai taɓa rigima da kwastoma ba, me zai faɗa a irin wannan aji?

Ga wata gaskiya da ba a cika faɗa ba. Littattafan da ake karantawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Abin da mutum yake saye da maƙudan kuɗinsa shi ne mutane: waɗanda zai zauna da su a aji, da tsofaffin ɗaliban makarantar, da kamfanonin da suke zuwa can ɗaukar ma'aikata. Saboda haka tambayar farko ita ce, a ina kake son cin abincinka bayan ka gama? In kasuwar mahaifinka ce ta Kantin Kwari ko Singa kake son ka zamanantar, ko ƙarin girma kake nema a bankin da kake aiki, to mutanen da za su amfane ka suna nan gida. Abokin aji ɗan Koriya ba zai haɗa ka da manajan banki a Kano ba. In kuwa burinka aiki da manyan kamfanonin duniya ne, a nan ne sunan makarantar waje yake da nauyi, kuma ba kowace ba. Tsakanin Oxford da Cambridge da wata makaranta da ba wanda ya san ta sai ejan ɗin da ya kawo maka fom, akwai tazara kamar sama da ƙasa, alhali dukansu "Ingila" ake cewa.

A gida ba mu rasa ba. Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote, wadda aka buɗe gininta a 2018. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yin MBA, har da na karatu daga nesa ta intanet. Akwai Lagos Business School da aka kafa a 1991, wadda sunanta ya kai ƙasashen waje, sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne. Da yawa daga cikin waɗannan suna da tsarin ƙarshen mako, mutum yana aikinsa, albashi na shigowa, yana kwana a gidansa. Galibi za a nemi digirin farko da takardar bautar ƙasa. Mai HND ko mai digiri mai daraja ta uku yawanci sai ya fara yin difloma ta gaba da digiri tukuna.

Ko gida ko waje, a bincika ko hukuma ta amince da makarantar. A Nijeriya hukumar jami'o'i ta NUC ce mai wannan. A waje ana duba tambarin AACSB ko AMBA ko EQUIS. Kada a ɗauki wannan da wasa. Mun ga abin da ya faru a Janairun 2024, da gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. Mutum nawa suka wayi gari da takardar da ba ta da maraba da ta ƙunshe ƙosai?

Sai maganar kuɗi, inda gwal ɗin ƙanwata ya shigo. MBA na Amurka shekara biyu ne, kuma a Harvard kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala dubu 70 a shekara, ban da ɗaki da abinci. Na Turai galibi shekara ɗaya ne. INSEAD ta Faransa ma wata goma take yi. Amma lissafin da maza suke mantawa shi ne albashin da za a rasa a tsawon karatun, da cefanen gidan da aka bari, da kuɗin makarantar yara. Kuma da naira ake tara kuɗin, da fam ko dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A shekarar ne wasu ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila suka kasa cika kuɗin makaranta har aka umarce su da barin ƙasar. Allah sarki, ba don sun yi wasa ba, kuɗin da suka tara ne ya narke a hannunsu. Wanda zai tafi da rabin kuɗi yana cewa "in na je zan yi aiki in cika", ya sani awa 20 a mako kawai doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki lokacin karatu.

Akwai tallafi, sai dai neman sa aiki ne. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana son wanda ya yi aiki shekara biyu, da sharaɗin ya dawo gida ya yi shekara biyu bayan ya gama, kuma ga masu MBA akwai iyakar abin da suke biya, sauran kai za ka cika. Su ma makarantun suna rage wa wasu kuɗi, musamman wanda ya nema da wuri.

Shi kansa neman gurbin, wanda ya fara shi wata biyu kafin rufe fom ya makara. Manyan makarantun waje suna karɓa ne zango-zango, na farko wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, kuma kujeru da tallafi suna raguwa ne da tafiyar lokaci. Yawancinsu suna son jarrabawar GMAT ko GRE. An sauya fasalin GMAT a ƙarshen 2023: yanzu awa biyu da kwata ce, maki daga 205 zuwa 805, kuma sakamakon yana aiki shekara biyar. Lissafinta ba mai zurfi ba ne, amma lokaci ne yake kayar da mutane, don haka sai an yi watanni ana gwaji. Wasu makarantun za su ƙara da jarrabawar Turanci, IELTS ko TOEFL. Sannan ga takardar sakamakon jami'arka ta farko, wadda duk wanda ya taɓa nema a ƙasar nan ya san sai an haɗa da haƙuri da sintiri. Ita ya kamata a fara nema tun kafin komai.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa shi ne wasiƙar shaida da rubutun bayanin kai. Mu a nan mun saba da neman sa hannun babban mutum, sai ka ga an tafi wajen sanata ko wani basarake. Su kuwa can ba muƙami suke dubawa ba. Sun fi son ogan da kake aiki a ƙarƙashinsa kullum, wanda zai iya cewa ranar kaza kaya suka maƙale a hanya, ga yadda ya warware. Haka rubutun bayanin kai: kada ka ba ejan ya kwafo maka na wani, don a ganawar baki za a tambaye ka abin da ka rubuta, asiri ya tonu. Kuma mu Hausawa kunya tana cutar mu a nan. An ce ka faɗi abin da ka yi, kana ta "ai ba komai, ikon Allah ne". Faɗi yawan mutanen da ka shugabanta da kuɗin da ka ceto wa ma'aikatarku, ba fariya ba ce.

Af, kada a ɗauka maganar ta maza ce kawai. Matan da suke juya miliyoyi a harkar atamfa da turare da abinci daga cikin gidajensu, su ne ma suka fi dacewa da ajin ƙarshen mako, in maigida ya ba da goyon baya.

Ita dai ƙanwar tawa na ce mata gwal nata ne, ba mai tilasta ta. In ta ga dama ta bayar, a rubuta a gaban shaidu ko bashi ne ko kyauta. Na kuma rubuta mata tambayoyi a takarda ta kai masa: sunan makarantar, jimillar kuɗin har da na masauki, wa zai riƙe cefane, wane aiki ne yake jiran sa.

Bayan sati uku ta dawo. Ta ce ranar da ta miƙa masa takardar ya yi fushi, ya ce wato ta kai ƙararsa waje, kwana biyu ba ya cin abincinta. A dare na uku ta farka ta gan shi a falo da kalkuleta da biro. Yanzu dai ya sayi fom na ƙarshen mako a nan Kano, amma ya ce maganar waje bai bar ta ba, zai zauna GMAT baɗi ya nemi tallafi. Sarƙar tana wuyanta ranar da ta zo. Filin kuwa ya riga ya karɓi kafin alƙalami, suna can suna neman yadda za a mayar wa mai saye kuɗinsa.