Wace na'ura ce wannan? Tambayar da ake fara yi kafin a gina kompaila

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Shekaranjiya bayan la'asar wani ƙanena na nan Kwarbai ya same ni a ƙofar gida, waya a hannu, fuska a murtuke. Ya ce, "Yaya, kusan kwana na yi a kan abin nan, data ta ƙare, caji ya ƙare, kuma ya ƙi tashi." Yaron ba shi da laftof. Da wayarsa yake koyon rubuta manhaja, ta cikin Termux, kamar da yawa daga cikin ɗalibanmu na Samaru da Kongo. Wani ɗan ƙaramin kompaila ya samo a intanet yana so ya gina, sai allo ya tsaya a kan "Exec format error".

To, bari mu warware. Kompaila shi ne manhajar da ke juya rubutun da mutum ya yi zuwa yaren da furosesa ke ji. Furosesa kuma ba yare ɗaya suke ji ba. Na yawancin laftof ɗinmu, Intel da AMD, x86_64 suke ji. Na waya kuma ARM. Bayan haka ga babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, Linux ce ko Windows ko macOS, kowacce da tsarin gidanta. Don haka kafin sikirif ɗin gini ya ɗora tubali ko ɗaya, sai ya tambaya: ina nake, kuma wa zan yi wa aiki?

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce uname. Ka rubuta uname -s ya faɗa maka sunan babbar manhaja, ka rubuta uname -m ya faɗi irin furosesa. Da na karɓi wayar yaron na buga, sai ta ce armv8l. Na buɗe sikirif ɗin, ashe suna biyu kacal mai shi ya sani, x86_64 da aarch64, kuma ya tsara cewa duk abin da bai gane ba a ɗauke shi x86_64 ne. Shi ke nan, sikirif ya sauko wa yaro da kayan laftof a waya, ya cinye masa data, bai ce masa uffan ba.

Me armv8l ke nufi? Furosesan na iya aikin bit 64, amma manhajojin da ke gudana a kansa na bit 32 ne. Ana yawan samun haka a wayoyi masu araha, musamman masu ƙaramin RAM. Nan ne gizo ke saƙa. Uname daga kenel yake karɓo amsa, wato cibiyar babbar manhaja. Kamar ka je wurin tela ne a Babban Dodo ya tambaye ka awon maigida, alhali rigar ta ɗan autan gidan ce. A wasu na'urorin ma abin ya fi haka ruɗarwa: Raspberry Pi mai kenel na bit 64 da manhajoji na bit 32 zai ce maka aarch64 kai tsaye, ba ko alamar gargaɗi.

Abokin yaron da suka zo tare ya ce ai shi tasa wayar aarch64 take cewa, amma shi ma bai tsira ba. Nasa ya fi ban haushi. Fayil ya sauko, ga shi yana kallonsa, amma da ya ce ya tashi sai a ce masa "No such file or directory". Dalili kuwa, uname -s a Android "Linux" yake cewa, kuma ba ƙarya ya yi ba, kenel ɗin na Linux ne. Sai dai Linux na kwamfuta galibi da glibc yake aiki, Android kuma da nasa mai suna Bionic. Fayil ɗin da ake cewa babu ba naka ba ne, ɗan jagoran glibc ne da ke loda manhaja, wanda babu shi a wayar. Da sikirif ɗin ya ƙara tambaya ɗaya, uname -o, da an amsa masa da "Android".

Kada ku ce matsalar ta talaka ce kawai. Tun da Apple suka fito da M1 a watan Nuwamban 2020, mai MacBook ma na shan irin wannan. Na farko, macOS arm64 yake cewa, Linux kuma aarch64, alhali abu ɗaya ne. Na biyu, in tashar umarninka tana gudana ta Rosetta 2, uname -m zai rantse maka x86_64 ne. Sai ka tambayi sysctl.proc_translated, in ya ce 1, to fassara ake yi maka. Windows kuwa AMD64 take kiransa ko da furosesan na Intel ne.

Wannan ciwon kai ya girmi yawancinmu. Mutanen GNU suna da wani sikirif, config.guess, wanda Per Bothner ya fara rubutawa, tun 1992 ake ta ƙara masa layi. Aikinsa ɗaya tal: ya fito da suna kamar x86_64-pc-linux-gnu, wato furosesa, kamfani, sannan babbar manhaja. Ku lura da sunan ma, "guess", wato cinta. Su kansu ba su ce sun tabbatar ba.

Kuma a harkar kompaila na'ura uku ake magana, ba ɗaya ba: wadda ake gini a kanta, wadda kompailan zai zauna ya yi aiki, da wadda zai riƙa yi wa manhaja. Ka ɗauka an ƙera keken ɗinki a wani gari, an kawo shi shago a Kwarbai, rigunan kuma 'yan Maraɗi ne za su saka. In ukun duk sun bambanta, ana ce masa Canadian Cross, wai don lokacin da aka raɗa sunan manyan jam'iyyu uku ne a Kanada. Uname dai ta farkon kaɗai yake iya gani. Sauran biyun sai mutum ya faɗa da bakinsa, shi ya sa configure ke karɓar --build da --host da --target.

Ni a ganina, wayon da ya fi burge ni shi ne na sikirif ɗin girka Rust. Maimakon ya yarda da maganar kenel, sai ya leƙa cikin manhajar da ke gudana a lokacin, ta /proc/self/exe, ya karanta bayit biyar na farko. Huɗun farko tambarin ELF ne, na biyar kuma in 1 ne bit 32, in 2 ne bit 64. Wannan shi ne auna mai rigar da kansa. In kuma akwai kompaila a na'urar tuni, cc -dumpmachine zai gaya maka wa yake yi wa ɗinki.

Gyaran da muka yi wa sikirif ɗin yaron bai kai layi goma ba. Mun ƙara armv7l da armv8l, mun sa ya duba Android, mun ba mutum damar rubuta sunan na'urarsa da hannu in cintar ta kuskure. Sannan muka cire wancan layi na ganganci: yanzu in bai gane na'ura ba, sai ya tsaya, ya rubuto sunan da ya gani, tun bai taɓa data ko kilobayit ɗaya ba. Ginin ya ɗauki lokaci, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, muna zaune har aka kira magariba daga masallacin fada kafin ya kammala.

Masu Termux, ku buga uname -m da uname -o ku turo mana abin da wayarku ta ce, tare da sunan wayar. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.