Ko Kun Sani? Peugeot Ya Girmi Mota

Ko kun san kamfanin Peugeot na Faransa ya girmi mota kanta? A 1810 iyalan Peugeot suka buɗe masana'antar ƙarfe, inda suka riƙa ƙera zarto, daga baya suka ƙara da injin niƙa kofi da kekuna. Zakin da ke gaban motocinsu ma asalinsa tambarin zartonsu ne, alamar kaifin haƙora. Sai a 1889 suka fito da motarsu ta farko, mai ƙafa uku, mai aiki da tururi.

Ƙirar 504, wadda ta fito a 1968, ita ta ɗaukaka sunansu a Afirka. An fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, direbobin haya kuma suka yaba juriyar 504 a hanya mai ramuka da sauƙin gyaranta.

Amma ba kowa ya ji daɗi ba. A Amurka kasuwa ta ƙi, har kamfanin ya janye a 1991. Masu wasu ƙira da suka biyo baya, irin su 307, sun yi ta kukan matsalar lantarki, yayin da masu 406 ke yabon ingancinta har yau.