Daƙiƙin Ɓera da Haziƙin Ɓera

Yau zancenmu a kan basira ne, amma da ɓera za mu soma.

A shekarar 1963 wani masanin halayen ɗan Adam a Amurka, Robert Rosenthal, ya ba da labarin wani gwaji da ya yi. Ya raba wa ɗalibansa ɓeraye, ya ce su koya musu bin wata hanya mai yawan kwana. Waɗansu ya gaya musu nasu haziƙai ne, 'yan gado. Waɗansu kuwa ya ce nasu daƙiƙai ne tun asali. Alhali kuwa duk iri ɗaya ne, ba zaɓe aka yi ba. Sai ga shi waɗanda aka kira haziƙan sun fi saurin koyo. To, ɓera dai ba ya jin Turanci. Ashe masu kiwon ne suka sake hali: wanda ya ɗauka nasa haziƙi ne ya fi lallaɓa shi, ya fi haƙuri da shi.

Daga nan Rosenthal ya koma wata makarantar firamare a Kalifoniya, tare da shugabarta, Lenore Jacobson. Suka ba malamai sunayen yara, wajen ɗaya cikin biyar, wai su ne basirarsu ke shirin buɗewa. Sunayen kuwa da ka aka tsinto su. Da shekara ta kewayo, yaran nan suka tsere wa sauran a jarrabawar auna basira, musamman 'yan aji ɗaya da biyu. An buga sakamakon a 1968, kuma masana da dama sun soki ma'aunin da aka yi aiki da shi. Binciken baya ya nuna tasirin yana nan, amma bai kai yadda aka zuzuta ba. Duk da haka ni kan tuna wani ɗan ajinmu da aka laƙaba wa "Jaki", har ya daina ɗaga hannu.

Shi kansa yabo yana da tasa ɓarnar. A 1998 Carol Dweck da Claudia Mueller sun ba yara 'yan wajen shekara goma aiki, suka yaba wa waɗansu da kaifin basira, waɗansu da ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, waɗanda aka ce musu haziƙai su ne suka fara karaya. Da aka ce su faɗi makin da suka ci, kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka yi ƙari.