AMSOSHIN TAKARDUNKU: Hukumar Da Gwamnati Ke Ciyarwa Za Ta Iya Hukunta Gwamnati?

A wannan mako mun haɗa takardu uku wuri guda, don kuwa kukansu kusan ɗaya ne. Ta farko daga wani manomi ce a ƙaramar hukumar Sabuwa, wanda ya ce da aka zo rabon taki an tsallake unguwarsu kaf, wai su baƙi ne, alhali kakansa ma a garin aka binne shi. Ta biyu daga wani Bafulatani mai fataucin shanu a yankin Faskari. Ya ce duk ranar da zai tafi kasuwa sai an sauke shi daga mota ana yi masa tambayoyi, sauran fasinja na zaune, ba don komi ba sai don kamanninsa. Ta uku kuwa wata baiwar Allah ce daga Ƙanƙara, ɗanta gurgu ne, yana da takardun makaranta, amma duk inda ya nemi aiki sai a dubi ƙafarsa a ce ya dawo gobe. Manomin na Sabuwa shi ya fito da maganar fili. Ya ce ya ji ana batun hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, to amma tunda gwamnati ce ta kafa ta, ita ke biyan ta albashi, yaya za a yi ta tsawata wa ma'aikacin gwamnati saboda talaka irinsa?

To Malam, tambayarka ta yi ma'ana, kuma ba kai kaɗai ke yin ta ba. Da farko dai ka sani, abin da kuka ce an yi muku, in ya tabbata, doka ta hana. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a hana ɗan Nijeriya abin da aka ba ɗan'uwansa ba saboda ƙabilarsa, ko asalin garinsu, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko don namiji ne ko mace. Sai dai ka lura, sashen yana magana ne a kan dokoki da ayyukan hukuma. Rabon takin gwamnati ya shiga ciki, shingen jami'an tsaro ma ya shiga.

Amma takarda ba ta tashi ta kama mutum, sai an sami mai aiki da ita. Shi ya sa a 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da waɗansu ƙa'idoji da aka tsara a birnin Paris na Faransa, waɗanda ake auna irin waɗannan hukumomi da su. In ka tace su, abin da suke tambaya shi ne: wa ke iya korar shugaban hukumar, wa ke riƙe da jakar kuɗinta, kuma in ta yi magana dole ne a bi ko kuwa shawara ce kawai?

Tamu hukumar ta ƙasa gwamnatin Janar Sani Abacha ce ta kafa ta da dokar soja mai lamba 22 ta 1995, shekarar da aka rataye Ken Saro-Wiwa, duniya ta yi wa Nijeriya ca. Mutane da yawa a lokacin sun ɗauke ta a matsayin kwalliya don idon baƙi. A tsarin farko kuwa zarginka daidai yake ɗari bisa ɗari. Tana ƙarƙashin inuwar ma'aikatar shari'a, ta can kuɗinta ke biyowa, shugabanninta kuma ana iya sallamarsu duk ranar da aka ga dama. Bincike take yi ta ba da shawara, shi ke nan. Kyanwar Lami ke nan, ba cizo ba yaƙushi.

An ga haka ƙuru-ƙuru a watan Yuni na 2006, zamanin Obasanjo. Babban sakataren hukumar, Malam Buhari Bello, ya fito ya soki yadda jami'an tsaro ke kama 'yan jarida. Ba a yi nisa ba aka cire shi daga kujerar. Ka ga duk wanda ya gaje shi ai ya riga ya ji karatu, ba sai an yi masa bita ba. Saboda irin wannan ne a 2007 ƙungiyar da ke tantance waɗannan hukumomi a duniya ta sauke ta Nijeriya daga aji na ɗaya zuwa aji na biyu.

Wannan abin kunya ya taimaka aka gyara dokar a 2010, Shugaba Jonathan ya sa hannu a farkon 2011, aka kuma mayar da ita aji na ɗaya. A gyaran, naɗa shugabanninta da cire su sai da yardar Majalisar Dattawa. Kuɗinta aka ce a riƙa fitar da shi kai tsaye daga babban asusun tarayya, ba sai ta je tana roƙon minista ba. Aka ba ta ikon aika sammaci, da shiga gidajen yari da ɗakunan tsare mutane na 'yan sanda, da yanke diyya. Wanda ta yanke wa diyya yana iya kai takardar babbar kotu a tilasta biya, kamar hukuncin alƙali.

Za ka ce to an taɓa gani a ƙasa? An taɓa. A watan Satumba na 2013 sojoji da jami'an tsaro na farin kaya suka dira cikin dare a wani kango a unguwar Apo da ke Abuja, inda talakawa 'yan ci-rani ke kwana, galibinsu 'yan Arewa masu tuƙa Keke Napep. Aka kashe mutum 8, aka jikkata 11, aka ce 'yan Boko Haram ne. Hukumar ta zauna a bainar jama'a, ta ji ta bakin kowane ɓangare, a watan Afrilu na 2014 ta ce babu hujjar da ta nuna haka. Ta umarci gwamnatin tarayya ta biya iyalan kowane mamaci Naira miliyan 10, kowane mai rauni miliyan 5, jimla miliyan 135. Ɗan'uwanmu na Faskari, wannan labari naka ne, don kuwa kuɗin goro aka yi wa mutanen nan, irin wanda kake kuka da shi. Mun san halin da yankinku ke ciki, ba wanda ya manta ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disamba 2020, kuma bincike a hanya wajibi ne. Amma a binciki kowa daban ne da a ware ƙabila guda.

Sai dai kada in ɓoye maka sauran labarin. Kuɗin nan na Apo sai a 2018 aka biya, shekara huɗu bayan hukunci. Haka kuma daga ƙarshen 2015 har zuwa 2021 hukumar ta zauna babu majalisar gudanarwa, wato waɗanda ke zama su yanke hukunci a kan manyan ƙararraki, don ba a naɗa sababbi ba. Ka ga ba sai an kori kowa ba, a ƙi naɗawa ma ya isa. Batun kuɗi ma haka: an ce a ba ta kai tsaye, amma nawa za a ba ta, gwamnati da majalisa ke yankewa a kasafin kowace shekara, shugabanninta kuwa sun sha kokawa cewa ba ya isa. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Jami'in da ba shi da man mota ba zai baro Katsina ya biyo ta Malumfashi da Funtuwa da Dandume ya zo Sabuwa duba maganar buhun taki ba. Ikon yana nan a takarda, amma ƙafar zuwa ƙauye gajera ce.

Maganar taki ma, Malam, akwai wata ƙofar. Ita ce Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala, marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule ne shugabanta na farko. Aikinta bin kadin wanda ma'aikatar gwamnati ko ƙaramar hukuma ko kamfani ya zalunta. Tana iya kiran jami'i ta nemi ya kawo takardun rabo, amma ƙarshenta shawara take bayarwa. Ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma ba ta son ƙarar da ta wuce wata 12 da faruwa. Ita ma ta ɗanɗana yunwa: a 2016 an rufe ofisoshinta bayan an zaftare kasafinta har albashi ya gagara.

Hajiya ta Ƙanƙara, ke kuma albishirinki. A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, aka kafa musu hukumarsu ta ƙasa a 2020. Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Mutumin da aka samu da laifin wariya tarar Naira dubu 100 ce ko wata shida a gidan yari ko duka biyu, kamfani kuwa miliyan ɗaya. Gaskiya bin dokar yana tafiyar hawainiya, amma yaron ya riƙa ajiye kwafin kowace takardar neman aiki, da ranar da ya kai ta.

Ku duka ukun, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ta koke-koke suna da ofis a birnin Katsina, kai ƙara kyauta ne, ba sai da lauya ba. Ku rubuta abin da ya faru, da rana, da wuri, da sunayen shaidu. Wanda bai iya boko ba ya sa ɗansa ko malamin makaranta ya rubuta masa. Manomin Sabuwa, kada ka tafi kai kaɗai, ku haɗa sunayen duk magidantan unguwar a takarda guda, ku yi karo-karon kuɗin mota ku tura mutum biyu. In an karɓa, ku ce a buga muku hatimi a kan kwafinku, da kwanan wata, ku dawo da shi gida ku adana.