Manyan Jiragen Ruwa na Dakon Kaya da Hanyar Ƙanƙara: Bayani ga Manoman Gabashin Sakkwato

Jihar Sakkwato ba ta da gaɓar teku, amma injunan ban-ruwa da wasu sinadaran takin zamani da ake amfani da su a fadamun Wurno, Rabah da Goronyo, ta teku suke shigowa ƙasar nan kafin manyan motoci su kawo su arewa.

Akwai jiragen da aka ƙera musamman domin kaya masu nauyin gaske. Wasunsu sukan cika tankunansu da ruwa har bayansu ya nutse, a jawo kayan bisa kansa, sannan a zuƙe ruwan jirgin ya taso da lodinsa. A watan Disamba na 2019 jirgin dakon kaya masu nauyi ya kawo wa matatar mai ta Ɗangote da ke Lekki hasumiyar tace ɗanyen mai daga ƙasar Sin, wadda nauyinta ya haura tan 2,000.

A arewacin Rasha kuwa, akwai hanyar ruwa da ƙanƙara take rufewa mafi yawan shekara. Jiragen fasa ƙanƙara, wasunsu masu aiki da makamashin nukiliya, su suke buɗe wa sauran hanya. Ɗumamar yanayi ta rage ƙanƙarar, har a watan Agusta na 2017 jirgin dakon iskar gas Christophe de Margerie ya tashi daga Norwe ya isa Koriya ta Kudu cikin kwana 19 ba tare da rakiya ba.

Wannan hanya Turai da Asiya take haɗawa, jiragen Legas ba sa bin ta. Sai dai kasuwar duniya ɗaya ce: da iskar gas ake yin takin yuriya, kuma kuɗin dako yana shiga farashin kowane buhu. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana 6, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. A 2022 yaƙin Rasha da Yukiren ya sa Nijeriya ta nemo sinadarin fotash daga Kanada.

Don haka ana shawartar ƙungiyoyin manoman shinkafa, albasa da tafarnuwa, tare da jami'an gona na ƙananan hukumomi, da su riƙa tantance bukatarsu ta taki da kayan gyaran injuna tun kafin shigowar noman rani, domin tsaiko a teku yana iya isowa har gona.